Tafiyar Dare A Kan Hanyar Gabas: Tarihin Wahalhalun Alhazan Mota Daga Kano Zuwa Bahar Maliya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai kiyaye matafiyi a inda babu mai ganinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallama, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

GABATARWA

Bayan haka, a duk shekarar da wannan taro mai albarka ya zagayo, ɗimbin 'yan'uwa muridai sukan kwana a cikin mota domin su riski zaman. Wani ya taso daga Damagaram, wani daga Garwa ko Injamena, wani daga zangon Kumasi, ba ya ɗauke da komai sai jaka a kafaɗa da buta da carbi. Idan suka sauka da asuba kowa da labarinsa: ga wanda motarsu ta lalace a dokar daji, ga wanda aka tsare a kan iyaka har gari ya waye, ga wanda ƙafafunsa suka kumbura saboda tsawon zama. Masu wannan hali suna da magabata a cikinsa. Daga shekarun 1930 zuwa na 1970 Miladiyya, dubban talakawan ƙasar Hausa da Barno sun ratsa Chadi da Sudan a saman motocin kaya suna nufin Ɗakin Allah, kuma kaso mai yawa na tafiyar cikin dare aka yi shi. Tsofaffin da suka bi wannan hanya sun kusa ƙarewa, don haka ya kamata a rubuta abin da suka sha kafin a rasa mai ba da labari.

ASALIN HANYAR

A dauri, manyan ayarin hajji na ƙasashen yamma Sahara suke ƙetarawa su faɗa Masar. Ta nan Mansa Musa na Mali ya isa Alƙahira a 1324, ta nan kuma Askiya Muhammadu na Songhai ya bi a ƙarshen ƙarni na 15. Ita kuwa hanyar gabas, wadda ta ratsa Barno da Bagirmi da Wadai da Darfur, ta zama hanyar talakawa masu tafiya a ƙasa da jakuna da takarkarai. Tafiya ce ta shekaru. Maniyyaci yakan biya bashi, ya yi wasiyya, ya zaga dangi yana neman gafara, domin shi da su sun san ba lalle ne a sake ganawa ba.

Hanyar ta ƙara cika bayan shigowar Turawa. Da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, har suka zauna a bakin reshen Nilu da ake kira Azraƙ, kusa da Sinnar, a garin da ya ɗauki sunansa. Wannan hijira ta dasa wa masu zuwa daga baya dangi da masauki a tsakiyar Sudan.

A cikin waɗannan shekaru ne aka kashe Rabe a Kusuri a 1900, Faransawa suka kafa Fort Lami a ƙetaren kogi, suka ci Abeshe a 1909, Ingilishi kuma suka kashe Sarkin Darfur Ali Dinar a 1916. Dogo ya iso Kano a 1911, na Sudan kuma ya isa Al-Ubayyid a 1912. Tsakanin waɗannan tashoshi biyu akwai sama da kilomita 2,500, kuma wannan giɓi ne motar kaya ta zo ta cike. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen yaƙin Ingila da Amurka sun riƙa bin wannan layi ta Kano da Maiduguri da Fort Lami da Al-Fashir zuwa Khartum. Bayan yaƙin motoci da direbobi suka yawaita. A 1948 wasu attajiran Kano, wato Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda sunanta ya zauna a Fagge har yau. Amma da yawa daga cikin matafiya ba su da halin biyan kuɗin tafiya gaba ɗaya, sai dai su hau wannan mota su sauka, su nemi na gaba.

DALILIN FITA DA ƘULLI ƊAYA

Mai karatu zai iya mamakin yadda mutum zai fuskanci irin wannan nisa ba shi da komai sai ƙullin kaya a ka. Amsar tana cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zauruka. A mazhabar Imamu Malik, iko da ke wajabta hajji bai tsaya a kan mallakar guzuri da abin hawa ba. Mukhtasar na Shehu Khalil ya bayyana cewa wanda zai iya isa ba tare da matsananciyar wahala ba, yana cikin aminci a kan ransa da dukiyarsa, to yana cikin masu iko ko da ba shi da guzuri, matuƙar yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya kuma yana iya tafiya. Da wannan fahimta wanzami ya ɗauki zabirarsa, maɗinki ya ɗauki allurarsa, malami ya rataya gafaka da tawada, manomi ya dogara da ƙarfin damtsensa, suka kama hanya.

Abin da ke cikin ƙullin kaɗan ne: tabarma ko buzu, gwado, ƙaramar tukunya, buta, garin gero, kuka da busasshiyar kuɓewa, ƙuli-ƙuli, wani lokaci ɗan kilishi. Da yawa likkafaninsu na ciki. Kuɗin da aka tara kuwa ana ɗinke shi a cikin ɗamara ko a bakin zane.

ZANGO-ZANGO

Daga Kano ana nufar Maiduguri, kimanin kilomita 600. Daga nan sai Dikwa da Gamborun Ngala, a ratsa ɗan siririn yankin Kamaru zuwa Kusuri, inda kogin Logon ya haɗu da Shari. Kafin a gina gadar Ngeli a shekarun 1980, fito ake yi zuwa Fort Lami, garin da aka sauya wa suna zuwa Injamena a 1973. Daga nan zuwa Abeshe, babban birnin Wadai, kimanin kilomita 750 ne, sannan Adire, garin ƙarshe na Chadi, sannan Al-Junaina ta ƙasar Masalit, ƙofar Sudan. Daga Al-Junaina a bi gefen duwatsun Jabal Marra zuwa Al-Fashir, a wuce Ummu Kaddada da Nuhud a isa Al-Ubayyid, inda ake hawa jirgin ƙasa. Bayan da dogo ya isa Niyala a 1959, wasu suka riƙa karkatawa can. Jirgi yana bi ta Kosti da Sinnar, ko dai ta Khartum da Atbara ko ta Gadarif da Kasala, har Port Sudan a bakin Bahar Maliya.

Rani ne kaɗai lokacin wannan tafiya. Ƙasar da ke tsakanin Dikwa da Shari firgi ce, baƙar laka mai kama taya kamar danƙo idan ta sha ruwa, kuma hukumomi sukan rufe hanyoyin burji da damina. Da yake watan Zulhajji yana matsowa da kimanin kwana 11 a kowace shekarar rana, akwai shekarun da damina take gittawa tsakanin maniyyaci da Arfa. A irin waɗannan shekaru dole ya fita watanni da yawa kafin lokaci, in ba haka ba ruwan sama ya riske shi a Abeshe ko Al-Junaina, ya zauna har kaka.

DARE A SAMAN KAYA

Motocin nan ba na fasinja ba ne. Manyan motoci ne masu bodin katako ko na ƙarfe, irin su Bedford da Austin, waɗanda ake loda wa buhunan sukari da gishiri da goro da dilolin yadi har su haura bodi, a ɗaure da igiya, sannan mutane su hau sama. Mai ɗan hali ne ke samun gaba kusa da direba. Saura kowa ya nemi inda zai soke ƙafa, ya riƙe igiya, mata da yara a tsakiya, maza a gefe.

Zafin rana ne ya mayar da tafiyar ta dare. Da tsakar rana ruwan lagireto yana tafasa, tayoyi suna fashewa, rairayi yana saki. Don haka direba yakan fake a inuwa da hantsi, sai la'asar sakaliya a tashi, a yi ta tafiya har tsakar dare ko har asuba. Malamai sun san kwaɗaitarwar da aka ruwaito a kan tafiyar dare, sun kuma san yadda hadisi ya siffanta wahalar tafiya, kuma a saman buhunan nan sun ga gaskiyar duka biyun.

Wahala ta farko ita ce sanyi. Wanda ya wuni yana zufa, idan dare ya raba a lokacin hunturu, jaura takan shiga ƙashinsa, ga iskar gudu, ga ƙura mai cika hanci da ido. Ta biyu ita ce gyangyaɗi, wanda ya fi sanyi haɗari. Hanya ce ta gargada da ramuka, kuma wanda barci ya sace shi a gefe yana iya sulluɓewa cikin duhu, ƙarar inji ta haɗiye ihunsa. Shi ya sa wasu kan ɗaure ƙugunsu da rawani a jikin igiyar kaya, abokan tafiya kuma su riƙa taɓa juna. Ga rassan ƙaya masu tsaga fuska idan mota ta bi ta ƙarƙashinsu. Zikiri da ƙasidun yabo da aka riƙa yi da ƙarfi a saman motocin nan ibada ce, kuma sun hana mutane da yawa barcin da zai halaka su.

Sai kafewa. Tsakanin Al-Fashir da Al-Ubayyid tudun rairayi ne mai laushi da mutanen ƙasar ke kira ƙoz, haka kuma gindin ƙoramu irin su Wadi Kaja na Al-Junaina. Idan taya ta nutse, yaron mota ya yi tsawa kowa ya sauko. A haƙa da hannu, a shimfiɗa faranti na ƙarfe ko rassan itace a gaban taya, a tura. Mota ta yi 'yan taku ta sake nutsewa, a ciro ƙarfen a kai gaba. Ana iya cinye dare guda a kan abin da bai kai tafiyar sa'a ɗaya a ƙasa ba. Duk wannan a cikin ƙarangiya, wadda Larabawan can ke kira haskanit, ga kunama ga maciji, ba fitila sai ta mota. Idan kuma mota ta samu ƙasa mai ƙarfi direba ba ya son tsayawa, sai mutane su bi ta da gudu suna ɗafewa, tsoho da mai goyo su ne a baya.

Lalacewa ta fi kafewa muni. Faci da ƙaramin gyara yaran mota suna yi a wurin. Amma idan babban ƙarfe ya karye, sai a tura mutum da wata mota zuwa gari mai nisa ya nemo, jama'a su zauna kwana da kwanaki a gindin itace. A nan ake gane darajar ruwa. Abin da ke cikin salka da duro shi ne na sha, shi ne na girki, shi ne na inji. A yankin Nuhud mutanen Dar Hamar suna rarake cikin itatuwan kuka, waɗanda suke kira tabaldi, su tara ruwan damina a ciki, kuma da rani matafiyi saye yake yi.

Salla ma tana da nata gwajin. Farilla ba ta inganta a kan abin hawa sai da uzuri, don haka dole a roƙi direba ya tsaya, kuma ba kowane direba ke jin roƙo ba. A wannan hanya ne almajirai suka aikata babukan da suka haddace a gaban malamai: taimama idan ruwa ya yi ƙaranci, ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, haɗa Magariba da Isha, da hukuncin wanda yake jiran mota bai ƙulla niyyar zaman kwana huɗu ba. Idan ajali ya riski wani, kuma zazzaɓi da gudawa da sanƙarau sun riski da yawa, sai a tsaya a gefen hanya, a yi masa wanka ko taimama, a sallace shi, a binne shi, a ɗora ƙaya a kan kabarin saboda kuraye. Mota ta tashi, iyalinsa suna waige har duhu ya rufe wurin. Allah Ya jiƙansu da rahama.

KAN IYAKA DA BAKIN TEKU

Daga Kano zuwa Jidda matafiyi yana ratsa hannun hukumomi dabam-dabam, kowace da harshenta da kuɗinta. Fam ɗin da ya fito da shi sai ya koma sefa a ƙasar Faransa, sannan ya koma kuɗin Sudan, kuma a kowane canji ana gutsure masa wani abu. Ana neman fasfo na alhazai da shaidar lambar agana da allurar shawara, ana kuma tsare mutane a killace su saboda annoba. Wanda mota ta kawo shi kan iyaka cikin dare sai ya kwana a fili har ma'aikata su fito. Wanda takardunsa ba su cika ba yakan sauka kafin shinge, ya bi wani jagora ta daji, kuma a irin wannan hali ne macuta suka fi samun mutane: a karɓi kuɗin mota a gudu, ko a yashe su a wurin da ba su san gabas ba.

A bakin teku, hanyar hukuma ita ce ta Port Sudan da tsohuwar tashar Sawakin, inda ake killace alhazai kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Waɗanda suka kasa biyan kuɗin da aka ɗora sukan gangara kudu wajen Masawwa ta ƙasar Eritiriya, su shiga ƙananan jiragen iska da ake kira sambuk cikin dare, a sauke su a gaɓar Lis ko Ƙunfuza su ƙarasa a ƙasa. Wasu sun nutse, wasu ƙishirwa ta kashe su. Akwai kuma yaran da aka raba da iyayensu aka sayar, domin sai a 1962 Saudiyya ta soke bauta a hukumance.

Tare da haka, hanyar ba ta rasa mutanen kirki ba. A Fort Lami da Abeshe da Al-Junaina da Al-Fashir akwai unguwannin Hausawa da Barebari masu shugabanni da ke karɓar baƙi, su nema musu mota da aiki, su tsaya musu a gaban hukuma. Zawiyoyin ɗariƙu da makarantun allo na Wadai da Darfur sun buɗe ƙofofinsu, baƙon da ba ya jin Larabcin ƙasar ya shiga sahun wuridi ya tashi ɗan gida.

WAƊANDA HANYA TA RIƘE

Da yawa ba su isa ba, kuma ba su koma ba. An kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, suka zama wurin da maniyyaci ke tsayawa ya tara kuɗin gaba. Shekara ɗaya ta zama biyar, aka yi aure, aka haihu, aka binne iyaye. Mutanen Sudan suka kira su Fallata ko Takari. Wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, J. S. Birks, ya bi diddigin wannan hanya ya fitar da littafi a kanta a 1978. Wani masani ɗan Ghana, Bawa Yamba, ya zauna a ƙauyukan Hausawan Jazira, kuma a littafinsa na 1995 ya nuna cewa jikoki da tattaɓa-kunnen da aka haifa a can suna ɗaukar kansu alhazai ne da ke kan hanya, ba su sauke niyya ba. Wasu kuma sun isa Makka suka zauna, zuriyarsu tana unguwanni irin su Shara Mansur.

DUSHEWAR HANYAR

Jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano tun shekarun 1950, ya mayar da tafiyar watanni ta zama ta sa'o'i. Samun 'yancin Sudan a 1956, da na Chadi da Nijeriya a 1960, ya ƙara tsaurara iyakoki. Tawayen da ya fara a Mangalme a 1965 ya jefa tsakiyar Chadi da gabashinta cikin rashin tsaro na shekaru. A 1975 gwamnatin Nijeriya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, aikin hajji ya koma hannun hukuma da jirgin sama. Kwalta ba ta game manyan sassan hanyar ba sai bayan shekara ta 2000, lokacin da masu bin ta domin hajji suka riga suka ragu ƙwarai.

Sannan fitina ta sauka a kan zangunan da kansu. Yaƙin Darfur ya ɓarke a 2003. Rikicin Barno da ya fara a 2009 ya taɓa Dikwa da Gamborun Ngala. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya tashi a Sudan, aka yi kisa mai muni a Al-Junaina, dubun-dubatar mutane suka gudu a ƙasa zuwa Adire. Wato zuriyar waɗanda suka shayar da alhazai sun bi wannan hanya a juye, da ƙulli a ka, suna neman wanda zai shayar da su. Yaƙin ya kai Jazira da Sinnar, inda jikokin maniyyatan da hanya ta riƙe suke zaune.

KAMMALAWA

Abu biyu ne wannan tarihi ya ɗora a wuyan mahalarta wannan taro. Na farko haƙƙi ne. Duk gidan da yake alfahari da kaka wanda ya yi hajjin mota, to akwai wani gida a Wadai ko Darfur ko Kurdufan da ya ba wannan kaka ruwa da wurin kwana. Mafi ƙarancin sakayya ita ce a sanya su a addu'o'in wannan zama, kuma zawiyoyi su tara abin da ya sawwaƙa su aika ta hannun amintattu.

Na biyu hankali ne. Magabata sun hau saman buhuna cikin dare domin ba su da wata hanya. Littafin da ya ba su izinin fita ba guzuri, shi ne kuma ya sharɗanta aminci a kan rai. Don haka ba himma ba ce a cusa mutum ashirin a motar mutum goma sha huɗu, ko a matsa wa direban da bai runtsa ba ya juya da jama'a a daren da aka tashi daga taro, ko a bi hanyar da aka san ba ta da tsaro bayan faɗuwar rana. Ya kamata muƙaddamai da shugabannin ayari su duba lafiyar mota kafin a biya kuɗi, su rubuta sunayen matafiya, su tanadi direba na biyu a doguwar tafiya, su yarda a kwana idan gajiya ta zo. Wahalar da Allah Ya ƙaddara ana haƙuri da ita a nemi lada, amma wadda sakaci ya jawo akwai tambaya a kanta.

Allah Ya gafarta wa waɗanda ke kwance a gefen hanyar gabas, waɗanda babu wanda ya san kaburburansu sai Shi. Allah Ya kashe wutar fitina a Sudan da Barno da sauran ƙasashen Musulmi. Allah Ya mayar da kowane baƙo gidansa lafiya, albarkacin Fiyayyen halitta, Sallallahu Alaihi Wasallama. Amin.